Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Daren Muzdalifa da Lafiyar Zuciyar Maniyyata

A wannan fitowa za mu yi magana a kan wata shawara da nas-nas suke yawan ba masu hawan jini da ciwon suga idan sun je awo, musamman waɗanda suka riga suka biya kuɗin kujerar Hajji: su fara tafiyar ƙafa kullum tun da sauran watanni kafin jirgi ya tashi. Da yawa daga cikinmu kan ce to, mu karɓi magani mu koma gida, shi ke nan an manta. Wasu ma suna ganin nas ta faɗa ne don kawai ta cika baki. Mu da muke tsaye a shagon magani, muna ganin maniyyata suna zuwa sayen magungunan tafiya saura mako ɗaya ko biyu, mun san cewa wannan shawara tana daga cikin mafi amfanin abin da ake ba maniyyaci, kuma ba ta cin ko sisi. Don a gane dalili, sai mu duba dare ɗaya tak daga cikin kwanakin Hajji, wato daren Muzdalifa.

Yadda daren yake

Muzdalifa fili ne buɗaɗɗe tsakanin Arfa da Mina, inda masallacin Mash'arul Harami yake. Alhazai suna barin Arfa bayan faɗuwar rana ranar 9 ga Zulhajji, su sauka a Muzdalifa, su haɗa Magariba da Isha'i, su tsinci tsakuwar jifa, su kwanta. Babu tantuna irin na Mina. Mafi yawan mutane a kan tabarma ko shimfiɗa suke kwana, sama ce rufinsu. Da asuba a yi salla, a yi addu'a, sannan a nufi Mina don jifan Jamratul Aƙaba.

Mu tuna da halin da mutum yake isowa wurin. Ya kwana a Mina ranar 8, barcin da bai taka kara ya karya ba. Ya yini a Arfa cikin zafi, yana addu'a, wataƙila bai ci abin kirki ba. Daga Arfa zuwa Muzdalifa tafiyar kilomita da dama ce. Akwai motoci, akwai kuma jirgin ƙasa na Masha'ir da aka fara aiki da shi a 2010, mai tsawon kusan kilomita 18 da tashoshi tara, uku a Arfa, uku a Muzdalifa, uku a Mina. Amma ba kowane ayari ne yake da tikitin jirgin ba, kuma idan mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi suka tashi a lokaci guda, mota takan tsaya cik a hanya na awoyi. A nan ne alhazai da yawa suke sauka su ƙarasa da ƙafa, da jaka a kafaɗa. Ko wanda ya samu jirgi sai ya taka zuwa tasha, ya hau matakala, ya tsaya a layi.

Washegari kuma ita ce ranar da ta fi kowace nauyi. Daga Muzdalifa a je tanti a Mina ko a wuce wurin jifa kai tsaye, a dawo. Sai ɗawafin Ifala, wanda tsawonsa yake ƙaruwa sosai idan cunkoso ya sa mutum ya hau bene. Sai sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, sawu bakwai, kowane sawu kusan mita 450, jimilla ya haura kilomita uku. Sannan kwana biyu ko uku na komawa jifa, har tsakuwa 49 ko 70 su cika. Wanda a gida babur ko mota ce take kai shi ko'ina, har masallacin Juma'a, shi ne ake so jikinsa ya ɗauki wannan duka cikin kwana biyar.

Abin da zuciya take fuskanta

Zuciya tsoka ce mai aikin famfo. Tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, kuma idan mutum yana zaune tana tura jini kusan lita biyar a minti ɗaya. Da zarar an fara tafiya, tsokar ƙafa tana neman ƙarin jini, sai zuciya ta ƙara sauri. Idan ana zafi, jiki yana tura jini mai yawa zuwa fata don ya huce, wannan ma aikin zuciya ne. Gumi yana rage ruwan da ke cikin jini, jinin ya ragu ya kuma yi kauri, sai zuciya ta sake ƙara sauri don ta cike gurbin. Ga rashin barci, ga tsoron ɓacewa a cikin cunkoso, waɗanda su ma suke ɗaga bugun zuciya da hawan jini.

Ga mai lafiyayyen jiki da ya saba motsi, wannan gajiya ce kawai. Amma wanda ya shekara goma yana fama da hawan jini, zuciyarsa ta yi kauri ta rage laushi. Wanda yake da suga ko kitse mai yawa a jini, ko yana shan taba, jijiyoyin da suke ciyar da ita kanta zuciyar sun ƙuntata. A zaune a gida ƙuntatacciyar jijiya tana iya kai jinin da ya isa, mutum bai ma san yana da matsala ba. Ranar da aka nemi zuciya ta ninka aikinta ne asiri yake tonuwa: ƙirji ya ɗaure, numfashi ya ɗauke, wani lokaci jijiyar ta toshe gaba ɗaya. Shi ya sa binciken da likitoci suka yi shekara da shekaru ya nuna cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen mutuwar alhazai a lokacin Hajji.

Ba mu manta da Hajjin 2024 ba. A tsakiyar watan Yuni aka yi shi, zafi a Makka ya kai maki 51.8. Ministan lafiya na Saudiyya, Fahad al-Jalajil, ya sanar cewa mutum 1,301 ne suka rasu, kashi 83 cikin 100 kuma waɗanda suka shiga ba da izinin Hajji ba ne, suka yi doguwar tafiya a rana ba inuwa ba wurin hutawa. A cikinsu akwai tsofaffi da masu ciwon da ya daɗe a jiki. Allah ya jiƙansu. Darasi biyu ne a nan: kada mu yarda wani ya tura iyayenmu Hajji ta bayan fage da bizar ziyara, kuma kada mu raina abin da tafiya cikin zafi take yi wa zuciya. Gaskiya ne Hajji yana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara, yana fita daga tsakiyar bazara sannu a hankali, amma Makka a watan Mayu ma ba wurin wasa ba ne.

Me ya sa nas take nacewa

Tun 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya duba ma'aikatan motocin bas masu bene na birnin Landan. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuma yana hawa yana sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Ya gano cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi yi musu tsanani. Duk wanda ya san direban torotoro da yaron motarsa zai gane misalin ba sai an yi dogon bayani ba. Daga wancan lokaci zuwa yau bincike ya yi ta tabbatar da abu ɗaya: jikin da yake motsi, zuciyarsa ta fi daɗewa.

Ga abin da tafiyar ƙafa take yi idan aka lizimce ta. Zuciya tana ƙara ƙarfi, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, don haka ba ta buƙatar yin sauri sosai a kan aikin da a da yake sa ta haki. Jijiyoyi suna sakewa, lambar sama ta awon jini takan sauka da kimanin maki 5 zuwa 8 ga mai hawan jini, wanda ya kusa kai aikin ƙwayar magani guda. Tsoka tana ƙara iya shan suga daga jini. Jiki kuma yana koyon yin gumi da wuri da riƙe ruwa, abin da yake taimakawa a ƙasa mai zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka, tsofaffi kuma su ƙara da atisayen da ke hana tangaɗi da faɗuwa. Minti 150 shi ne minti 30 sau biyar a mako.

To me ya sa nas ce take wannan magana fiye da likita? Saboda ita ce take ganin mara lafiya kowane wata. Ita take ɗaura abin awo a hannu, ta auna nauyi, ta rubuta a kati, ta san wanda ya yi fashin zuwa. Kuma a nan ƙasarmu aka gwada amfanin haka. An yi wani bincike a yankin Ashanti a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Gbenga Ogedegbe da marigayi Farfesa Jacob Plange-Rhule na jami'ar KNUST ta Kumasi, aka buga sakamakonsa a 2018. Cibiyoyin lafiya 32 da masu hawan jini 757 ne suka shiga. Duka an ba su inshorar lafiya, amma wani ɓangare an ƙara musu da kulawar nas-nas da aka horar, suna auna haɗarin ciwon zuciya, suna daidaita magani, suna ba da shawara a kan abinci da motsa jiki. Bayan shekara ɗaya, lambar sama ta waɗanda nas ke bibiya ta sauka da kusan maki 20, ta sauran kuma da kusan 17. Bambancin maki uku yana iya zama kamar kaɗan, amma idan aka haɗa jama'ar zango guda, shanyewar ɓarin jiki da yawa ke nan aka kauce wa. A Turai ma an yi irinsa a ƙasashe takwas, aka buga a 2008, inda masu ciwon zuciya da nas-nas suka bibiya tare da iyalansu suka fi sauran cika adadin motsa jikin da ake so.

Saboda haka idan nas ta tambayi Hajiya minti nawa take tafiya a rana, ba shisshigi ba ne. Kuma amsar da muka saba bayarwa, wai ai muna aikin gida, ko muna tsaye a kasuwa tun safe, ba ta wadatar ba. Tsayuwa a gaban tukunyar wake da shinkafa tana gajiyar da ƙafa da baya, amma ba ta horar da zuciya. Abin da yake horar da ita shi ne tafiya mai ɗan sauri da aka jera ba tsayawa, har jiki ya yi ɗumi.

Kafin a fara

Ba kowa ne zai tashi gobe ya kama hanya ba. Waɗannan su fara ganin likita tukuna:

Wanda ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko aka yi masa aiki a zuciya.

Wanda ƙirjinsa yake ɗaurewa ko yake nauyi idan ya hau tudu ko matakala, ya kuma sake idan ya huta.

Wanda numfashinsa yake ɗaukewa da ɗan ƙaramin aiki, ko ba ya iya kwanciya sai da filo biyu ko uku, ko ƙafafunsa suna kumbura.

Wanda ya taɓa suma, ko zuciyarsa take bugawa ba daidai ba.

Wanda awon jininsa ya kai 180 a kan 110. Wannan sai an fara saukar da jinin da magani.

Mai ciwon suga da ƙafarsa ta mutu ba ya jin taɓi, ko yake da miki a ƙafa.

Likita zai saurari ƙirji, ya yi gwajin zanen bugun zuciya, ya duba ƙoda da suga. Idan abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, za a tura mutum Korle Bu a Ankara, inda cibiyar zuciya ta ƙasa take, ko Komfo Anokye a Kumasi, ko babban asibitin koyarwa na Tamale. Muna roƙon maniyyata kada su ɓoye ciwo a wurin gwajin lafiyar Hajji don tsoron a hana su kujera. Hukumomin lafiya na Saudiyya sun sa sharaɗi cewa mai gazawar zuciya mai tsanani, da mai wankin ƙoda, da mai ciwon huhu da yake dogara da iskar numfashi ta kwalba, ba sa cikin waɗanda ake ba izinin Hajji. Amma mai hawan jini ko suga da yake shan magani, ciwon ya kwanta, ba wanda zai hana shi. Faɗin gaskiya shi ne zai sa likitocin ayari su san wanda za su sa wa ido.

Tsarin mako goma sha biyu

Wannan shi ne irin tsarin da nas-nas suke bayarwa, kowa ya daidaita shi da ƙarfinsa bisa shawarar wadda take duba shi.

Mako na 1 da na 2: minti 10 zuwa 15, kwana biyar a mako, a wuri mai laushi. Bayan sallar Asuba ya fi, ko bayan La'asar idan rana ta yi sanyi.

Mako na 3 zuwa na 6: a ƙara minti biyar kowane mako har a kai minti 30. Wanda ba zai iya jera 30 ba ya raba, 15 da safe, 15 da yamma.

Mako na 7 zuwa na 9: minti 30 zuwa 40, a sa ɗan tudu ko matakala a ciki. Sau ɗaya a mako a yi doguwar tafiya ta awa guda.

Mako na 10 zuwa na 12: doguwar tafiyar ta kai kilomita biyar ko shida, da ƙaramar jaka a baya mai ɗauke da ruwa, kuma da takalmin da za a sa a Hajji. A gwada yin ta kwana biyu a jere, domin kwanakin Mina haka suke.

Yadda za a san saurin da ya dace abu ne mai sauƙi. Idan mutum yana tafiya yana iya magana da abokinsa amma ba zai iya jan dogon karatu da numfashi ɗaya ba, ya yi daidai. Idan ba ya iya haɗa kalma uku sai ya tsaya, ya yi sauri da yawa, ya rage. A fara da minti biyar na tafiya a hankali, a gama da minti biyar a hankali.

A ƙara da abu biyu a gida. Na farko, a zauna a kujera a miƙe ba tare da dafa hannu ba, sau takwas zuwa goma, a huta, a sake. Na biyu, a riƙa gwada kwanciya a tabarma da tashi daga ƙasa, ana dafa bango idan da buƙata. Dattawan da suka saba da gado da yin salla a kujera sukan sha wahala a Muzdalifa wajen tashi daga ƙasa da shiga banɗakin tsuguno, kuma faɗuwa a wurin tana iya ɓata Hajji gaba ɗaya.

Idan aka ƙirga mako 12 baya daga ranar tashi, za a ga azumi ya faɗo a ciki. Kada a daina. A mayar da tafiyar bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu, ko a taka zuwa masallacin Tarawihi mai ɗan nisa a dawo. Mai suga da yake azumi kada ya yi tafiya mai nauyi dab da Magariba, lokacin ne suga yake faɗuwa.

Ga iyayenmu mata da suke jin nauyin fita titi, ba dole sai an sa kayan 'yan wasa ba. Doguwar riga mara nauyi da mayafi da takalmi mai taushi sun isa. Filin makaranta, harabar masallaci, ko zagayen unguwa da sassafe cikin rukuni na mutum uku ko huɗu duk sun yi. Wadda ba ta iya fita, ta zagaya tsakar gida tana kallon agogo.

Magani da tafiya

Nan ne fagenmu, don haka a saurara da kyau. Motsa jiki ba ya maye gurbin magani. Idan awo ya fara sauka bayan wata guda ana tafiya, alhamdu lillahi, amma likita ne kaɗai zai rage ƙwaya.

Masu shan maganin da ke sa fitsari, kamar bendiro ko furosemayid, su sani cewa yana ƙara fitar da ruwa da gishirin jiki, ga gumi kuma. Su tambayi likita tun a gida yadda za su sha shi a ranakun Arfa da Mina. Kada mutum ya yanke wa kansa hukuncin dainawa don gudun layin banɗaki, musamman wanda aka ba shi saboda gazawar zuciya.

Masu shan atenolol ko bisofurolol, maganin yana hana zuciya yin sauri, saboda haka ƙirga bugun zuciya ba zai nuna musu gajiyarsu ba. Su dogara da gwajin magana. Kuma wannan magani ba a daina shi kwatsam.

Amlodifin da lisinofiril da ire-irensu suna iya sa jiri idan aka miƙe da sauri, balle a cikin zafi bayan an yi gumi. Wanda ya farka a Muzdalifa ya fara zama minti ɗaya ko biyu kafin ya tashi tsaye.

Masu allurar insulin ko ƙwayoyi irin su gilibenkilamayid da gilikilazayid, doguwar tafiya tana iya faɗar musu da suga. Alamunsa rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani da ruɗewa. Dabino uku ko alewa su kasance a jaka koyaushe, kuma abokin tafiya ya san inda suke. Insulin ba ta son zafi, a sa ta a ƙaramar jaka mai sanyaya, kada a bar ta a rana.

Maganin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda maniyyata suke saye kwali-kwali, suna ɗaga hawan jini, suna kuma cutar da ƙoda idan jiki ya bushe. Ga mai hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon ƙoda, farasitamol ya fi aminci. Haka nan a guji jiƙe-jiƙen ƙarin ƙarfi da ba a san abin da ke cikinsu ba.

A tafi da maganin da zai wuce kwanakin tafiya da mako biyu, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Abu mafi muhimmanci: maganin kwana biyar ya kasance a ƙaramar jakar da ke jikin mutum. Babbar jaka tana masauki a Makka, ta biyu tana tanti a Mina, shi kuwa alhaji yana Muzdalifa, kuma ba ya da tabbacin lokacin da zai koma wurin kayansa.

A daren kansa

A sha ruwa kaɗan-kaɗan tun daga Arfa, sai fa wanda likita ya ƙayyade masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda, shi ya bi adadin da aka ba shi. Mutane da yawa suna ƙin sha don layin banɗaki yana da tsawo, kuma wannan kuskure ne mai tsada. A ci wani abu mai sauƙi. Da an yi salla an tsinci tsakuwa, a kwanta a huta, domin aikin gobe ya fi na yau. Tsakuwa ƙanana ce, kuma ana iya tsintarta a Mina, ko wani ya tsinto wa dattijo.

Addini bai matsa wa mai rauni ba. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa masu rauni daga iyalinsa izinin barin Muzdalifa da dare kafin cunkoson jama'a, kuma Uwar Muminai Saudatu tana cikin waɗanda suka nemi wannan izini aka ba su. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da ya wajaba shi ne sauka a Muzdalifa gwargwadon sauke kaya, kwana har asuba kuma sunna ne. Malamai sun yi bayanin wakilci a jifa ga wanda ya kasa, da yin ɗawafi da sa'ayi a keken marasa lafiya, da jinkirta ɗawafin Ifala har jiki ya dawo. Kowane ɗaya yana da hukuncinsa, saboda haka maniyyaci mai ciwo ya zauna da malaminsa tun a wurin bita ya ji abin da ya shafe shi. Wanda ya karɓi sauƙin da shari'a ta ba shi bai rage komai ba.

Alamomin da ba a jira da su

Ko a gida lokacin atisaye, ko a can, a tsaya nan take a nemi taimako idan aka ji ɗaurewa, nauyi ko zafi a tsakiyar ƙirji, musamman idan yana tafiya zuwa hannu, wuya ko muƙamuƙi. Ɗaukewar numfashi da ba ta lafa da hutu. Gumi mai sanyi da tashin zuciya. Jiri ko suma. Karkacewar baki, mutuwar hannu ko sarƙewar magana. Ko zafin jiki mai tsanani tare da ruɗewa. Mata da masu suga wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirji sosai, sai kasala mai tsanani ko abin da ya yi kama da ƙwannafi. Wanda likita ya ba shi ƙwayar da ake sawa a ƙarƙashin harshe ya zauna kafin ya sa ta. Akwai cibiyoyin lafiya da motocin asibiti a Arfa, Muzdalifa da Mina, kuma lambar motar asibiti a Saudiyya ita ce 997. A nan Gana a kira 112. Kada abokan tafiya su ce a bari a yi jifa tukuna, domin a ciwon zuciya kowane minti yana cin tsoka.

Aikin da ya rage mana

Shawarar nas tana mutuwa ne a ƙofar asibiti idan gida bai ɗauke ta ba. 'Ya'yan da suka haɗa kuɗi suka biya wa Baba ko Mma kujera, aikinku bai ƙare ba: ɗaya daga cikinku ya zama abokin tafiyar asuba, ya riƙa rubuta mintocin a takarda, a kai wa nas ranar awo ta gani. Masu girki su rage gishiri da dunƙule da kifi mai gishiri, domin abin da ake so a yini bai kai giram biyar ba, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Muna roƙon limamai da masu bita su sa maganar tafiyar ƙafa cikin darasin Hajji, sarakunan zango da magajiyoyi kuma su taimaka a kafa rukunin masu tafiya a kowace unguwa, maza daban, mata daban. Alhazan da suka riga suka je su gaya wa sababbi gaskiyar nisan wuraren.

Wanda ba shi da niyyar Hajji bana, maganar ta shafe shi shi ma, domin hawan jini ba ya jiran kujera. Wanda kuma ya je ya dawo, kada ya rataye takalmin. Ƙarfin da aka tara cikin wata uku yana zubewa cikin 'yan makonni idan aka koma zama. Duk mai tambaya a kan maganinsa ya kawo kwalayen duka, har da na gargajiya, wurin mai haɗa magunguna ko nas ɗin da take duba shi, a zauna a duba su ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kai maniyyatanmu lafiya ya dawo da su lafiya, ya karɓi ibadarsu. Waɗanda ba su je ba, Allah ya kira su. Amin.